Idan Fuskar Tsohuwar Kalkuleta Ta Ƙi Nuna Lamba Daidai: Yadda Ake Bin Matsalar Har a Kamo Ta

Tsohuwar kalkuleta ba ta cika mutuwa gaba ɗaya ba. Abin da aka fi gani shi ne ta kama, ta yi lissafinta daidai a ciki, amma fuskar ta ƙi faɗin gaskiya. Sanda ɗaya ta ɓace daga jikin lamba, 7 ta koma 1, 8 ta koma 0 ko 9 ko 6. Wannan ya fi mutuwar gaba ɗaya haɗari, domin wadda ta mutu ajiye ta ake yi, ita kuwa wannan sai ta sa ka rubuta 1,500 inda ya kamata ka rubuta 7,500.

Yawancin mutane da sun ga haka sai su yanke hukunci cewa gilashin ne ya lalace. A hannun mai gyara kuwa, gilashin shi ne na ƙarshe da ake tuhuma. Ana farawa da wuta, a bi ta mahaɗa, a duba abin da ke tura wuta zuwa fuskar, sannan a zo kan fuskar kanta. Kuma kafin a kwance ko sukur ɗaya, yadda lambobin suka lalace yakan nuna inda ciwon yake, ga wanda ya iya karantawa.

Kayan aikin ba su da yawa: mitar auna wutar lantarki, ƙananan sukundireba, sifirit mai tsabta, tsohon buroshin haƙori, tsinken auduga irin na goge kunne, gilashin ƙara girma, da ƙarfen dalma mai siririn baki. Idan kana da irin wanda ake saita zafinsa, ya fi.

Da farko, gane irin fuskar da ke gabanka

Iri huɗu za ka haɗu da su, kuma maganin ɗaya yana iya kashe ɗaya.

Idan lambobin jajaye ne ƙanana, kowace a ƙarƙashin ɗan kumburarren gilashin roba mai ƙara mata girma, LED ce. Ita ce ta cika kalkuletocin aljihu na shekarun 1970: HP-35 da TI-2500 Datamath da Sinclair Executive, duka na 1972, da TI-30 ta 1976 wadda aka sayar da miliyoyinta. Idan lambobin suna haske kore mai ɗan shuɗi a cikin kwalbar gilashi, VFD ce, wadda kamfanin Ise Electronics na Japan ya fito da ita a 1967, kuma ita ce a Casio Mini ta 1972 da yawancin manyan kalkuletocin tebur na ofisoshi da bankuna. Idan baƙaƙen lambobi ne a kan fili mai launin toka, ba sa ba da haske da kansu, LCD ce, mai ɗan ruwa na musamman a tsakanin gilasai biyu. Sharp EL-805 ta 1973 na cikin na farko-farko, kuma daga ƙarshen shekarun 1970 LCD ta kori sauran daga aljihu saboda ba ta cin batir. Na huɗu su ne masu hasken ruwan goro, Nixie da Panaplex, na manyan injinan tebur irin ANITA da aka ƙera a Ingila a 1961. Waɗannan suna aiki da wuta kusan volt 170 ko fiye, saboda haka maganarsu daban ce, tana can ƙasa.

Abubuwan da ba lalacewa ba ne

Wannan sashe yana ceton kalkuletoci da yawa daga hannun masu gaggawa, domin tsofaffin injina suna da ɗabi'un da wanda bai san su ba zai ɗauka cuta ce.

TI-30 mai jan haske, idan ka bar ta ba ka taɓa ba na ɗan lokaci ƙasa da minti ɗaya, lambobin sukan ɓace, ɗigo ɗaya ya riƙa tafiya daga gurbin wata lamba zuwa na wata. Tattalin batir take yi. HP-35 kuma, idan ka ga duk ɗigoginta sun kama a lokaci guda, cewa take batir ya yi ƙasa. Idan fuskar tana ƙyaftawa, lissafin da ba ya yiwuwa ka ba ta, kamar raba lamba da sifili. Sharp QT-8D da EL-8, da wasu Casio na farko, suna nuna sifili ɗan ƙarami, rabin tsayin sauran lambobi. Haka aka ƙera su, babu sandar da ta mutu. LCD na ƙarshen shekarun 1970 da yawa suna da fuska rawaya. Ba tsufa ba ne, matatar haske ce aka sa don kare ruwan da ke ciki daga hasken rana.

Sai kuma zafi. LCD da ta wuni a gaban mota a watan Afrilu tana iya komawa baƙa ƙirin daga gefe zuwa gefe. Ajiye ta a inuwa ta huce da kanta, yawanci tana dawowa. Kada ka sa ta a firij. Raɓar da za ta taru a ciki ta fi zafin ɓarna.

Mataki na gaba: wuta

Sa sabon batir mai kyau, kuma ka auna shi yana cikin kalkuletar a kunne. Batir da ya gaji yana iya nuna volt 1.5 a hannu, da an ɗora masa nauyi ya faɗi warwas. LED da VFD suna da ci sosai, musamman idan duk gurabe sun cika da 8, shi ya sa batir mai araha irin na tocila yakan ba da fuska mai dushewa ko mai rawa. Alama ɗaya mai kyau: idan lamba ɗaya tana fitowa da haske, amma da ka cika fuskar sai hasken ya ragu ƙwarai ko injin ya rikice, matsalar ta wuta ce.

Duba ƙarafan da batir ke taɓawa. Farin gari ko koren tsatsa alama ce ta batir ya taɓa zuba. Batir alkalin da tsohon mai caji na NiCd duk abu guda suke zubarwa, sinadarin potassium hydroxide, kuma abu mai tsami ne ke kashe shi: ɗigon ruwan khal ko lemun tsami a kan tsinken auduga. Za ka ga yana ɗan kumfa. Idan ya daina, ka goge da ruwa mai tsabta kaɗan, ka bi da sifirit, ka bari ya bushe sarai. Tsohon batir na zinc da gawayi shi kuma ruwansa ne mai tsami, sai a kashe shi da bekin soda da aka dama da ruwa. Ka wanke hannu bayan haka, kada ka kai shi ido.

Kada ka tsaya a kan abin da ido ya gani a ɗakin batir. Wannan ruwa yana bin cikin waya a ƙarƙashin robarta har ya kai fanel, wato allon da aka dasa kayan lantarkin a kai. Waya za ta yi kyau daga waje, ka feɗe ta ka tarar da tagullar ta yi baƙi, dalma ba ta kama ta. Irin wannan canza ta ake yi. Makunni ma ka duba shi: na turawa da ya shekara arba'in yana tara ƙura yakan rage wuta, kuma ɗigon sifirit da turawa gaba da baya sau da yawa yakan wadatar.

Maganar adafta tana buƙatar natsuwa, don a nan ake kashe injina masu rai. Kayan gwanjo da suka fito daga Amurka na volt 120 ne, na Japan volt 100, mu kuwa a Najeriya da Nijar wutarmu tana tsakanin 220 da 240. Ba tare da taransifoma mai rage wuta ba, sokawa ɗaya ta isa. Na biyu, tsofaffin adaftocin Japan da yawa tsakiyar bakinsu ce ke ɗauke da ɓangaren ragi, saɓanin yawancin na yanzu, don haka shigar baki cikin rami ba ya nufin ya dace. Karanta zanen da ke gefen ramin. Na uku, kuma wannan shi ne mafi tsada: HP-21 da HP-25 da 'yan'uwansu na 1975 zuwa gaba sun dogara da batirin caji da ke ciki wajen danne wutar caja. Idan babu batir, ko ya mutu, ko ƙarafansa sun yi tsatsa, ka soka caja, wutar za ta haura ta ƙone ƙwaƙwalwar injin. TI-58 da TI-59 ma ba a so a kunna su da caja ba tare da lafiyayyen batir ba. Hanya mafi aminci ga duk tsohuwar kalkuleta mai caji ita ce ka gwada ta da batir kawai. Batirin caji na NiMH na yanzu yana ba da volt 1.2 daidai da tsohon NiCd, yana maye gurbinsa lafiya.

Cika fuskar da 8, ka karanta

Idan wuta ta tabbata, danna 8 har gurabe su cika. Idan maɓallin 8 ne da kansa ke gardama, 44444444 × 2 zai ba ka abu guda. HP-12C, wadda ta fito a 1981, tana da gwajin kanta: kashe ta, riƙe ON, danna ×, saki ON, sannan ka saki ×, bayan ɗan lokaci za ta cika fuskar da -8,8,8,8,8,8,8,8,8,8, idan lafiyarta lau. Don ka tabbatar ƙwaƙwalwar na aiki, buga 1111 × 1111. Amsar 1234321 ce, kuma ko da wasu sanduna sun ɓace za ka gane siffarta.

Yanzu ga abin da ya sa wannan gwaji yake da amfani. Kowace lamba sanduna bakwai ce da ɗigo, takwas ke nan. Fuska mai gurabe takwas tana da fitilu 64, amma idan ka ƙirga ƙafafunta za ka samu wajen 16 ko 17 kacal. Dabarar ita ce an haɗa sandar sama ta dukkan gurabe a kan layi ɗaya, ta tsakiya a kan wani layin, haka har takwas. Sannan kowane gurbi yana da layinsa guda. Injin yana kunna gurbi ɗaya ne kawai a lokaci guda, ya wuce na gaba, yana zagayawa da saurin da ido ba ya kamawa. Idan ka kaɗa kalkuleta mai jan haske da sauri a cikin duhu, za ka ga lambobin sun rarrabu a iska.

Saboda haka karatun ya yi kama da na ɗaukewar wuta a unguwa: idan layi guda ne ya yi duhu, a duba waya ko taransifoma, idan gida ɗaya ne, a shiga gidan. Sanda ɗaya ta ɓace a dukkan gurabe, misali duk 8 sun koma 0? Layin wannan sandar ne ya yanke, ko abin da ke tura shi ya mutu, fuskar kanta lafiya take. Gurbi ɗaya ya mutu ɗungurungum, sauran suna nan? Layin gurbin ne. Sanda ɗaya a gurbi ɗaya tak? Wannan ne kaɗai ke nuna cikin fuskar. Sandar da ke kamawa a inda bai kamata ba, ko take ɗan haske a ɓoye a bayan kowace lamba, tana nuna layi biyu sun haɗe ko datti na ɗiban wuta tsakaninsu, kuma sau da yawa ragowar ruwan batir ne. Idan kuwa gurbi ɗaya ya kama da haske mai tsanani, sauran duk sun mutu, maɓallai ba sa amsawa, kashe ta nan take. Zagayen ne ya tsaya, wutar da aka tsara a raba wa gurabe takwas tana zuba a kan ɗaya, kuma LED ba ta daɗewa a haka.

Rubuta abin da ka gani a takarda, ka zana shi. Da ka buɗe injin za ka buƙace shi.

Buɗewa

Cire batir. Nemi sukurori a ɗakin batir, ƙarƙashin robar ƙafafu, da bayan takardar bayani. Sauran haƙoran roba ne, kuma robar da ta haura shekara arba'in tana karyewa ba gargaɗi. Yi amfani da tsohon katin roba wajen ɓamɓarewa, ba bakin wuƙa ba. Kifa fuskar ƙasa kafin ka ɗaga murfi, in ba haka ba maɓallai su watse a ƙasa. Ɗauki hoto a kowane mataki.

A lokacin hunturu, sa'ad da iska ta bushe har riga ke tartsatsi idan an tuɓe, ka taɓa ƙarfen da ke haɗe da ƙasa kafin ka kai hannu kan fanel, kuma ka riƙe shi ta gefe. Ƙwaƙwalwar waɗannan injina ba ta jure irin wannan wutar jiki, kuma ba a ƙera sabuwa.

Wajen wanki, sifirit kaɗai. Tina da fetur da ruwan cire jan farce suna narkar da robar jiki, su dusar da gilashin gaba, su cinye gam ɗin da ke riƙe da mahaɗa.

Mai jan haske

Bi layin da zanenka ya nuna da gilashin ƙara girma, daga ƙafar fuska zuwa inda ya fito. Abin da kake nema shi ne dalmar da ta tsage da'ira a gindin ƙafa, ko layin tagulla da ya yi baƙi ko kore. Sa mita a kan gwajin da take yin ƙara idan layi a haɗe yake, ka taɓa farkon layin da ƙarshensa. Idan shiru, ka kama ɓarawon. Tsagaggen dalma sai a sake narkar da shi da ɗan sabo. Yankakken layi sai a kankare rufinsa kaɗan a ɓangarorin biyu a ɗora siririyar waya.

Don gwada fuskar kanta, mayar da mita kan gwajin dayod, batir a cire. Yawancin waɗannan fuskoki ƙafar gurbi ce ɓangaren ragi, don haka baƙar wayar mita a kan ƙafar gurbi, ja a kan ƙafar sanda. Lafiyayyiyar sanda za ta nuna wajen volt 1.6, kuma a ɗaki mai duhu za ka ga ta ɗan yi ja. In babu komai, juya wayoyin ka sake gwadawa kafin ka yanke hukunci. Kada ka taɓa ɗora batir kai tsaye. Idan dole ne, sa rezista mai om 1,000 a tsakani.

Idan fuskar ta amsa, layin ma lafiya, saura mai turawa. Injinan farko suna da ƙananan IC, wato 'yan kwalayen lantarki masu ƙafafu da yawa, na musamman don wannan aiki. A Datamath, SN75491 ce ke tura sanduna, SN75492 ke tura gurabe, kuma har yanzu ana samun su. Wasu kuma tiransista ɗaiɗai suke da su, ɗaya ga kowane layi, abin da ke sauƙaƙa aiki: auna wanda kake zargi ka kwatanta da maƙwabcinsa. Na baya-baya irin TI-30, ƙwaƙwalwar ce ke tura fuskar da kanta. Idan ƙafarta ce ta mutu, sai dai a nemo wata kalkuleta irinta a ciro.

Sanda ɗaya a gurbi ɗaya ba ta gyaruwa. A ƙarƙashin kumburarren gilashin nan akwai wayoyi da suka fi gashi siranta, kuma duk wanda ya ɓalle murfin don ya leƙa yakan tsinke goma a wajen neman ɗaya. Ko dai ka canza fuskar duka, ko ka zauna da ita haka. A ganina, idan sandar tana can gurbi na ƙarshe na hagu da ba a cika kaiwa ba, barin ta ya fi.

Mai koren haske

VFD kwalba ce da aka zuƙe iskarta. A gaba akwai siraran wayoyi a miƙe daga gefe zuwa gefe, suna ɗan zafi su saki lantarki. A bayansu raga ga kowane gurbi. A can ƙasa sandunan da aka shafa wa sinadari mai haske. Wayoyin suna buƙatar volt kaɗan, ragar da sandunan kuma suna son wajen volt 20 zuwa 30, wanda wata 'yar taransifoma a kan fanel ke haɗawa daga batir.

Kafin komai, nemi wani tabo mai sheƙi, baƙi-baƙi ko ruwan azurfa, a kusurwar gilashin daga ciki. Mutane kan ɗauka ƙuna ce. Shi ne mai tsotse ragowar iska, kuma muddin yana sheƙi kwalbar a rufe take. Idan ya koma fari fat, iska ta shiga, fuskar ta mutu, babu sauran magana. Yawanci ɗan tsinin gilashin da aka rufe kwalbar da shi ne ke karyewa, don haka ka kiyaye shi yayin aiki.

Idan tabon na sheƙi amma fuskar duhu, auna tsakanin ƙafafun ƙarshe na dama da na hagu, batir a cire. Ƙaramin adadi, om kaɗan zuwa 'yan gomomi, yana nufin wayoyin zafi suna nan. Kunna ta a duhu sosai, wani lokaci za ka hango su sun ɗan yi ja. Sannan auna babbar wutar. Idan babu ita, ko ta yi ƙasa, zargi tiransistan da ke kusa da 'yar taransifomar, da dayod, da kafasitoci. Kafasita mai ruwa tana bushewa da shekaru, zafi kuma na hanzarta hakan, kuma ita ce kan gaba wajen jawo fuska mai dushewa ko mai kaɗawa. Canza ta da mai adadi iri ɗaya, mai jure volt daidai ko fiye, ka lura da ƙafar ƙari da ta ragi.

Idan gurabe na dama sun fi na hagu dushewa, tsufa ne kawai: sifili ya shekara da shekaru yana ci a wurin. Za ka ji masu cewa a ƙara wa wayoyin zafi wuta na ɗan lokaci don su farfaɗo. Yakan yi aiki wani sa'in, amma tsakanin farfaɗowa da tsinkewa tazarar kaɗan ce, kuma tsinkakkiya ba ta ɗinkuwa. Kafin ka kai nan, goge gilashin da matatar launi da ke gabansa ta ciki. Ƙurar shekaru da hayaƙi kaɗai suna iya cinye rabin hasken.

Mai baƙaƙen lambobi

A nan ne aka fi samun nasara, domin yawanci ba a haɗa LCD da fanel da dalma. Matsewa ko gam ne ke riƙe da ita, su kuma suna saki. Karatun ɓatan sanduna ya ɗan bambanta: idan saman dukkan lambobi ko ƙasansu ya ɓace, layin gama-gari ne, idan sanduna biyu ko uku na gurbi ɗaya ne, layin wannan wurin ne. A masu zana hoto irin Casio fx-7000G ta 1985, abin yakan fito a matsayin layi guda fari daga sama har ƙasa ko daga gefe zuwa gefe.

Idan mai hasken rana ce, tuna da yawansu suna da ƙaramin batir a ciki. Fuskar da ke fitowa a rana ta dushe a ɗaki, batirin nan ne. Canza shi, ka danna ɗan ramin sake-saiti a baya idan akwai.

Gwaji mafi sauƙi: cika fuskar da 8, ka danna gefen firam ɗin da ke riƙe da gilashin a hankali da babban yatsa, kana bi daga wannan kusurwa zuwa waccan. Kada ka danna tsakiyar gilashi. Idan sandunan da suka ɓace suna dawowa a ƙarƙashin yatsanka, su sake tafiya da ka ɗaga, mahaɗa ce, kuma tana gyaruwa.

Mahaɗa iri biyu ce. Ta farko doguwar roba ce mai ratsi-ratsi baƙi da fari, masu gyara suna ce mata zebra, tana zaune tsakanin gilashi da fanel. Kwance firam ɗin. Idan kunnuwan ƙarfe ne aka murɗa, miƙe su kaɗan kawai, don ba sa jure lanƙwasa da yawa. Yi wa gilashin alama don kada ka mayar da shi a juye. Ɗaga robar ba tare da ka ja ta ba, ka goge gefunanta biyu da sifirit, ka goge idanun fanel inda robar ke taɓawa, sannan bakin gilashin. A kan gilashin akwai layukan da ba a ganinsu sai an karkata shi ga haske. Shafa ɗaya mai laushi ta isa, kada magogin fensir ko reza su kusance su. Zaren auduga ɗaya da ya maƙale a wurin ya isa ya ɓatar da sanda, don haka hura iska ka duba kafin ka mayar. Idan robar ta lotse da tsufa, saka siririn kati a bayan fanel don ƙara matsi. Ɗaure sukurori kaɗan-kaɗan, kana zagayawa, ba ɗaya har ƙarshe ba. Sau da yawa ma matsalar duka sukur ɗaya ne da ya saki.

Ta biyu siririyar leda ce mai baƙaƙen layuka, an manna ta da zafi a kan gilashi da fanel. Doka ta farko a kanta: kada ka ɓare ta. Da ta rabu, layukan gawayin sun tafi tare da gam. Fara da abin da ba ya ɓarna, wato ɗan yankin soso ko roba da za ka ɗora a kan wurin mannin yadda murfi zai danne shi idan an rufe. Idan bai wadatar ba, sai zafi. Saita ƙarfen dalma ƙasa sosai, wajen digiri 150, ƙasa da inda dalma ke narkewa. Ɗora ƙyallen auduga ko ledar silikon a kan mannin, ka danna da faffaɗan gefen ƙarfen na daƙiƙa biyu zuwa uku, ka matsa gaba, kana bin wurin da yatsa ko magogin fensir don ya huce a matse. Fara da ɓangaren fanel, shi ya fi saki kuma ya fi jure zafi. Sa batir ka gwada bayan kowane zagaye, ka tsaya da zarar sandunan sun dawo. Injin hura zafi na masu gyaran waya bai dace da wannan aiki ba. Kafin gam ya yi laushi ledar ta naɗe.

Sai lalacewar da ke jikin gilashin. Baƙin tabo da ke yaɗuwa daga gefe ko kusurwa, wanda ba ya tafiya ko an kashe injin, ruwan ciki ne ya ɓalle saboda bakin gilashin ya buɗe. Ba shi da magani sai canji. Amma idan tsakiyar fuskar ce ta yi launin ƙasa ko ta kumbura, tana warin tsami, lambobin kuma sun dushe, ledar tace haske da ke manne a sama ce ta ruɓe, zafi da laima ne sanadi. Wannan tana canzuwa, kuma ana samun ledar a wajen masu gyaran fuskar waya, irin na kasuwar Farm Centre a Kano. Ɗaga kusurwa da reza a kwance, ka ɓare a hankali, ka wanke ragowar gam da sifirit ba tare da ya gangara bakin gilashin ba. Kada ka yanka sabuwar tukuna. Haɗa injin, kunna shi, za ka ga fuskar fayau babu komai. Ɗora ledar a kai kana juya ta. A wata kusurwa lambobi za su fito baƙi ƙirin a kan fili mai haske, idan ka ƙara juyawa kwata sai abin ya kife, fili ya yi baƙi lambobi su yi fari. Tsaya inda ya fi kyau, ka zana iyaka, sannan ka yanka. Akwai irin wannan leda a bayan gilashin ma, haɗe da abin mayar da haske. Idan ita ce ta ruɓe, haka za a yi mata.

Wani gargaɗi: kada ka gwada LCD da batir kai tsaye. Wuta mai juyawa take so, mai tsayawa a gefe guda tana lalata ruwan.

Masu ruwan goro

Injinan Nixie da Panaplex suna shan wutar gida, kuma manyan kafasitocinsu suna riƙe da caji bayan an zare filogi. Wanda bai saba da gyaran tsohuwar talabijin ko rediyo mai kwalba ba, ya kai wa wanda ya saba. Ga wanda ya saba: sauke cajin ta rezista, ka tabbatar da mita, sannan ka fara da babbar wutar, don idan ta faɗi ƙasa da abin da iskar neon ke buƙata, lambobi sukan kama rabi-rabi ko su riƙa ƙyaftawa. Karatun layi da gurbi bai canza ba. Lambar da wani ɓangarenta ya yi duhu a kwalbar Nixie yawanci wadda aka daɗe ba a kunna ba ce, kuma barin ta tana ci na wasu sa'o'i yana iya share ta.

Kafin ka rufe

Gwada komai tun murfin na buɗe, sannan ka sake gwadawa bayan ka ɗaure, domin matsin murfi yana canza zaman mahaɗa. Bi lambobi daga 0 zuwa 9 a cike da fuska, ka matsar da ɗigo ta kowane gurbi, ka duba alamar ragi da ta ajiya da ta kuskure. Raba 1 da 0 zai fito da ta ƙarshen. Bar ta a kunne na rabin sa'a idan ba mai kashe kanta ba ce, ka ɗan murɗa jikinta a hankali ka ga ko wata sanda za ta ƙyafta. Idan ta ƙyafta, akwai sauran dalma ko sukur da bai zauna ba, sai a sake buɗewa. Idan za a ajiye ta fiye da wata ɗaya ba amfani, a cire batir a naɗe shi daban.